Ajamin Malam da Rumbunmu

Mu uku ne maganar rumbun nan ta hana sukuni: ni mai gyaran waya a bakin titin Kankia, da abokina malamin sakandare, da yayan matata da ke koyarwa a Islamiyya a Mawashi, wanda kowa ke kira Malam. Dukanmu muna aiki da wata manhajar rubutu ta kyauta, wadda kowa ke da izinin ƙara mata abin da ya ga dama. Sai muka ce me zai hana mu buɗe wuri ɗaya a intanet, kowa ya zuba ƙarinsa, kowa ya ɗiba? Muka sa masa suna rumbu. Ranar bakina ya ƙi rufuwa, har mai shayi sai da na yi wa bayani, bawan Allah yana ta gyaɗa kai.

Ƙarin da ya fi na kowa kyau shi ne na Malam, mai rubuta ajami da wasulansa tsaf. Yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da sai an lallashe ta take tashi. In ta mutu, aikin ya bi ta. Amma Malam ya ce atafau ba zai zuba ba.

"Ƙanena, in wani ya taɓa shi aya ta hito a karkace, wa ka ɗaukar alhakin? Ni hwa!"

Raina ya ɓaci, har na hau babur na bi shi Mawashi da niyyar mita. Na tarar wata ɗaliba tana so ta wanke allonta, ya hana ta sai ta biya masa tukuna. Na daka tsalle kamar wanda kunama ta harba.

"Malam, haka za mu yi! Ba abin da zai shiga rumbu sai mai shi ya biya wa mutum biyu, layi bayan layi."

Ya dube ni, ya koma kan allon ɗalibarsa.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi a shagona, kwamfutar naɗe cikin darduma. Ni da abokina muka miƙa masa kujera, ya ƙi. Mutumin da tun tasowata shi ake biya wa ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa gabanmu, ya buɗe ta.

"To, malamai," in ji shi, "in na yi kuskure ku tsai da ni."