Giwayen da Na Ba Ɗan Ƙanwata

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi hankalina sauri, kuma har na yi furfura ban daddara ba. A aji uku na tsaya a firamare, amma in ana hira a rumfar mai shayi, sai ka rantse ni na shuka dajin Birnin Gwari.

Ɗan ƙanwata malami ne a wata kwaleji. Shekaru na tafiya yana nan a matsayi ɗaya, don an ce ba ƙarin girma sai ya wallafa bincike a mujallar masana. Ya zaɓi namun dajinmu. To, wa zai shiga daji yanzu? Ko manoman Kakangi sai sun waiga hagu da dama kafin su ɗaga fartanya. Sai ya zo wurina a rumfar mai shayi da biro a hannu.

"Kawu, kai da ka yi farauta, har yanzu akwai giwaye?"

Farautata ba ta taɓa wuce gafiya ba. Amma yaro ya zuba mini ido, ga jama'a sun kasa kunne. Na gyara zama na ba shi garke guda, har da wata mai karyayyen haure da ke shan ruwa a bayan garin Gwaska. Na ɗauka zai yi dariya. Ashe rubutawa ya yi, wai ma shi ya gani da idonsa.

Ya tura wa wata mujalla da ya tsinta a intanet, mai dogon suna kamar tirela. Ya biya abin da suka yanka masa, kafin Juma'a ta zagayo har an buga. Ba wanda ya nemi hoto, balle kashin giwa. Ko dillalin shanu yakan buɗe bakin bijimi ya duba haƙora. Waɗannan manyan masana ko wutsiya ba su ɗaga ba. Da yake ya sa sunana a ciki don ladabi, sai ga saƙo a wayarsa: suna gayyatar Farfesa, wato ni, in riƙa duba musu binciken wasu. Ni da nake gumi kafin in karanta allon kanti! Ranar ban amsa sallamar kowa a rumfa ba sai ya ce Farfesa.

Da aka zo tantancewa don ƙarin girma, wani dattijo a kwamitin kwalejin, wanda ya yi aiki a dajin kafin abubuwa su lalace, ya ce a nuna masa inda giwayen suke. Aka bi sawun mujallar, aka tarar ko ofis ba ta da shi. Kowa ya biya sai ta buga. Ƙarin girma ya sha ruwa, aka bi yaron da gargaɗi mai zafi.

Ƙanwata ta same ni a zaure ina ɓare goro. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, masu mujallar kuɗi suka ci. Shi yaron girma yake nema. Kai fa, me ka samu?"