Madubin Bindigar Baba Zubairu

Lambun mangwaron da Baba Zubairu yake gadi yana Mansuriyya, can bayan Giza, inda benaye suke ƙarewa gonaki su fara. Ɓarayin lambun ba mutane ba ne, hankaki ne da ɓeraye. Makaminsa bindigar iska ce ta mai lambun, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka mata ɗan harsashin dalma da bai kai ƙwayar wake ba. Bindigar ba tasa ba ce, amma madubin hangen da ke ɗaure a bayanta nasa ne na kansa. Misrawa suna ce masa minzar. Shi madubi kawai yake cewa, kuma ba kowa yake bari ya taɓa ba.

Haifaffen Mai Wurno ne a ƙasar Sudan, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso daga yamma suka zauna a bakin kogi. Mahaifinsa maharbi ne. Ya shigo Masar da ƙarfinsa, ya yi dako a kasuwa, ya yi gadin bene, har ranar da wani dattijo mai lambu ya ara masa bindiga cikin wasa, ya ga ya kakkaɓo hankaka daga kan dabino. A ranar ya ɗauke shi aiki, ya ba shi ɗaki biyu a gefen lambun. Nan ya kawo matarsa Awadiyya, nan aka haifi 'yarsu Hiba, wadda yanzu take sakandare.

Madubin na hannu ya saya a shekararsa ta farko a lambun. Awadiyya 'yar gidan dukawa ce, kuma a gidansu ba a barin ƙarfen da mutum yake cin abinci da shi tsirara. Ta samo jar fata ta ɗinke shi kamar kuben wuƙa, daga wannan baki zuwa wancan. Gilasan biyu da maɓallan saiti na tsakiya kawai ta bari a waje. Gumin hannu da rana sun mai da fatar baƙa tana sheƙi.

Tuwo ne ya kai ni gidan. Mu 'yan Najeriya masu karatu a Giza mun gano cewa ranar Juma'a Awadiyya, wadda muke kira Khala, wato inna, tana tuƙa tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, sai muka riƙa hawa mikrobas, 'yar ƙaramar bas ta haya, muna zuwa. Sauran su cika tsakar gida da surutu, ni in zauna kusa da murhu ina miƙa mata abin da take buƙata.

Bara dattijon mai lambu ya rasu, lambun ya koma hannun ɗansa Ayman, wanda yake da ofis a unguwar Mohandessin, can cikin birni. Bara ɗin ce kuma hankaki suka yi wa mangwaron ɓarnar da ba su taɓa yi ba. Baba Zubairu zai harba, hankaka ya ɗan gyara zama a reshe ya ci gaba da ci. Ayman mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba. Ya kira shi Ammu, wato baffa, ya ce, "Ammu Zubairu, kai kamar uba kake a wurina. Amma in bana ma haka ta kasance, dole in kawo saurayi." Bai ambaci ɗakunan ba, sai dai kowa ya san ɗakunan na mai gadi ne.

Baba Zubairu ya ce laifin madubin ne. A cikin irin wannan madubi akwai siraran zare biyu da suka gitta juna, inda suka haɗu nan harsashi zai sauka. Ya ce zaren ya mutu, ya koma kamar hayaƙi, wani lokaci ma huɗu yake zama. Wata Juma'a ya miƙo mini, abin da bai taɓa yi ba.

"Mardiya, leƙa ki ga abin da nake fama da shi."

Na leƙa. Zaren nan biyu suna nan tsaf kamar an ja su da biro. Na ce a hankali, "Ina ganinsu, Baba." Bai ji ba, ko kuma ya ji bai so ba, ya karɓe abinsa yana cewa, "Kin gani ko? Ya tsufa." Ban iya maimaitawa ba. Sa'an mahaifina ne, kuma mutumin da idonsa ne sana'arsa.

Da mangwaro ya fara fure sai ya yanke shawarar sayen wani na hannu. Taubashinsa Isam yana da ɗan shago a wani lungu kusa da kasuwar Ataba, yana sayar da tsofaffin kyamarori da madubin hange. Khala ta ce sai ta bi shi, wai za ta sayi zare. Ni kuma ya ce in zo, idon yarinya yana da amfani.

Muna shiga Isam ya taso yana dariya. "Yau ga sarkin hankaki da kansa! An ce yanzu har gaishe ka suke yi da safe."

"Kai da ko kaza aka ɗaure maka ba za ka samu ba," in ji Baba Zubairu. "Fito mini da kaya, ɗan tireda."

Isam ya shimfiɗa tsumma a kan kanta ya jera madubi uku. Ya ce duk kamfani ɗaya ne da na Baba, ƙira ce ta bambanta. Na farko ƙirar farko ce, sa'ar nasa, mai nauyi, gilashinsa ya ɗan ja rawaya. Na biyu ya fi sauƙi a hannu, gilashinsa ya fi shan haske, kuma zarensa ya fi kauri ta gefe. Na uku sabon yayi ne, da batir, in an murɗa wani maɓalli sai tsakiyar zaren ta kama da jan haske.

Khala ta ce, "Wannan mai wuta ai shi ne daidai da kai, Abu Hiba."

Isam ya girgiza kai. "Don dai ku ne zan faɗa. Wannan ɗin sau biyu ana dawo mini da shi. Bindiga irin ta taubashina gaba da baya take harbi kamar jaki, wanda ba a yi shi dominta ba sai ta kwance masa hanji. In da baƙo ne da tuni na naɗe masa shi a jarida."

Baba Zubairu ya ture na ukun gefe. Ya ɗauki na farko ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya kai shi kunne ya girgiza ko zai ji wani abu yana motsi a ciki. Ya bi jikinsa da yatsa yana neman inda maɗauri ya taɓa matse shi har ya lotsa. Ya murɗa maɓallan yana sauraron ƙararsu. Haka ya yi wa na biyu. Sannan ya miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini ƙofar shagon, inda ake hango wata tattabara a kan tankin ruwan wani bene.

"Me kika gani?"

Na ce na biyu ya fi haske. Ya gyaɗa kai, ya ce amma na farko ya fi ƙwari, mutanen da ba su yi ha'inci. Ya sake miƙo mini. Isam yana kallonmu, ya jingina da kanta.

"Taubashi, wai ita ce za ta riƙa harbin hankakin?"

Baba Zubairu ya goge hannu a jalabiyarsa, ya ɗauki na farko ya kai ido. Ya daɗe. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Da ya sauke shi bai kalli kowa ba.

"Duk matattu ne," ya ce. "Khalas, shi ke nan. Mu tafi."

Khala ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi. Na san abin da take lissafawa: ɗakuna biyu, da makarantar Hiba, da inda mutum mai furfura zai sami aiki a garin nan.

Isam bai ƙara tsokana ba. Ya zagayo daga bayan kanta. "Dakata. Waɗannan daidai da idona aka saita su. Riƙe wannan, kalli farin bangon can, kar ka kalli tattabarar." Ya mayar masa da na biyu a ido, ya kama wani zoben roba da ke can ƙarshe, ta wajen da ido yake, ya fara juya shi a hankali. "In zaren ya fito ka yi magana."

Ya juya. Ya ƙara juyawa.

"Tsaya," in ji Baba Zubairu. "Koma kaɗan. Tsaya nan!"

Bai sauke madubin ba. Ya kai shi kan tankin. "Tattabarar nan akwai zare a ƙafarta," ya ce, muryarsa ta sauya. "Ta wani ce."

Isam ya ce ai babban gyaran da aka yi wa ƙira ta biyu ke nan, zoben da yatsa biyu ake juya shi. Idon mutum yana tafiya da shekaru, dole a riƙa bin sa. Baba Zubairu ya ce to shi ke nan, wannan zai ɗauka, tunda nasa ba a yi masa zoben ba.

"Ƙirar farko ma tana da shi, wahala ce dai da shi," in ji Isam. Ya ɗauki na farkon ya nuna wani siririn zoben ƙarfe mai kartsi-kartsi. "Sai ka sassauta wannan tukuna, sannan bakin gaba ɗaya ya juya."

Khala ta miƙa hannu ta karɓa. Ta bi kartsin da babban yatsa.

"Wannan abin? Ai naka yana da shi, Abu Hiba. Shi ya karya mini allura. Na ɗauka ado ne, na ninka fata a kansa don kar ya ci maka hannu."

Baba Zubairu ya zaro nasa daga jaka, an naɗe shi a tsohon rawani. Duk muka zuba wa baƙar fatar ido. A ƙarshenta akwai ɗan tudu da ya zagaye ta.

Isam ya fashe da dariya har yana dukan kanta. "Wato tun kana da baƙin gashi aka kulle shi a kan idonka! Madubi yana nan saurayi, kai ka tafi ka bar shi."

Ya miƙo reza. Baba Zubairu ya riƙe madubinsa bai saki ba, yana kallon ɗinkin. Khala ce ta karɓi rezar. "Ni na ɗinka, ni zan farke. Kawo." Ta bi zaren ɗaya bayan ɗaya ba ta yanki fatar ba. Ƙarfen ya fito baƙi wul kamar ranar da aka ƙera shi, ga zoben nan. Ya ƙi motsi da farko. Isam ya ɗiga masa mai, ya kama da tsumma, ya yi bismillah, sai muka ji ya saki.

Daga nan ne aka yi cinikin gaskiya. Baba Zubairu ya tsaya a bakin ƙofa, nasa a hannun dama, na biyu a hagu, yana kai wannan ido yana kai wancan, bai ƙara miƙo mini ko ɗaya ba. Ya yarda na biyu ya fi haske, kuma da magariba lokacin fitar ɓeraye zai fi amfani. Amma ya ce nasa ya san bindigar, ya sha dukanta shekara da shekaru bai taɓa gocewa ba, na biyun kuwa bai san a hannun wa ya kwana ba.

"Ka ajiye mini shi. In zoben nawa ya ƙure, zan dawo."

"Na yi asarar ciniki na yi asarar mai," in ji Isam. "Ladana ɗaya: ka je likita ya duba idon nan. In ka ƙi, har Mai Wurno zan kai labarin."

Baba Zubairu ya je wurin likitan, bayan Khala ta hana shi sakat. Aka ba shi tabarau na karatu, wanda ba ya sakawa sai a cikin ɗaki, in zai buɗe Alƙur'ani.

Hankaki ba su daɗe ba suka gane an sauya. Kaɗan ya harba a farkon kaka, sauran suka koma lambun maƙwabta. Da mangwaro ya nuna Ayman ya zo da motar akwatuna, ya bi layukan bishiyoyi yana ɗaga ganye. Maganar saurayi ba ta taso ba. Ya sha shayi a kan tabarmar Khala, ya tambayi Hiba jarrabawa, ya ce a gyara rufin ɗakin kafin hunturu.

Khala ta mayar da tsohuwar fatar ta ɗinke da sabon zare, amma ta tsaya kafin zoben ta yi masa kalmasa. Juma'ar da ta wuce na same shi zaune a gindin bishiya yana kallon farin bangon ɗakinsu ta cikin madubin, yana ɗan taɓa zoben. Hiba ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, idon ya ƙara tafiya ne?"

"Ina dai duba ko yana nan," ya ce. "Je ki ce wa uwarki tuwon nan ya isa haka."