Karan Malam Labo

Kullum kafin hantsi Malam Labo ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya buɗe ofis, ya gaisa da masu jira. Shekara tara ke nan, tun da hukuma ta fara gina wa ma'aikatanta gidajen kwano a bayan tashar Funtuwa. Gidajen kaɗan, masu nema kamar fari, sai aka ce kowa ya ba da suna ya jira layinsa. Malam Labo aka ba riƙon sunayen.

Da ya ga yawancinsu leburori ne da ba su yi boko ba, sai ya fito da dabara. Duk wanda ya zo, sai ya yanko karan dawa, ya yi masa shaida da wuƙa, ya tsaga biyu. Mutum ya tafi da rabi, rabin kuma a ɗaura a igiyar da ke rataye a bango. Kowa na iya shigowa ya ga kara nawa ne a gabansa. Wani babban akawu ya taɓa aiko masa da rago don a matso da ƙaninsa. Ragon bai kwana ba ya koma gidan mai shi.

In kuna son sanin tsadar wannan gaskiya, ku tambayi Hajo, matarsa, domin shi ma karansa na kan igiyar, can ƙasa. Hajo ta yi wa matan da suka tare a gidan kwano guɗa har muryarta ta dishe, ita kuwa da damina sai ta jera ƙorai a ɗaka tana tarar yoyo. Kishi take, kuma ba ta ɓoyewa. Ranar da ta je yi wa ƙawarta Barakatu barkar tarewa ta ga famfo a tsakar gida, ta dawo ko tuwo ta kasa ci.

"Malam, kai ke rabon fura, amma ludayinka a bushe?"

"Yi haƙuri, Hajo, layi na tafiya."

"Yana tafiya mana, gidan wasu!"

Bara da damina gida ɗaya aka gama. Karan da ke sama na Atu ne, wani Bamaguje mai gyaran hanya, na biye da shi kuwa na Malam Labo. Doka ta ce kwana uku ake kira, wanda bai zo ba a tsallake shi. Atu ya ɗauki hutu yana ƙauyensu wajen Malumfashi yana noma. Hajo ba ta yi wata-wata ba ta ɗinka labule. A rana ta biyu ta ga mijinta yana ba keke iska.

"Malam, wanda bai zo ba fa, ba tsallake shi ake ba?"

"Mutum na gona, Hajo. Ta ina zai ji kira?"

Mil ashirin ya taka cikin caɓi. Washegari da la'asar sai ga shi ya goyo Atu, riƙe da rabin karansa. Aka haɗa, ya dace. Hajo ta ninke labulen ta jefa a akwati. Har yau in ta wuce ta ga matar Atu ta shanya daddawa a kan siminti, sai ta kau da kai.

Malam Labo, kai ne mai rabo da ba ya lasar hannu. Wannan watan ka bar aiki karanka na saman igiya, ga gida biyu ana yi musu rufi. Amma gidajen na masu aiki ne, don haka da hannunka ka kwance shi kafin ka miƙa wa Sada, magajinka, igiyar. Mun gode, Allah ya ba ka gidan da ba a bin layi. Duk wanda aka ba riƙon layin mutane, ya zo ya ga yadda ake yi.

Hajo ce ta karɓi karan. Ta ciro rabinsu daga ƙarƙashin labulen nan a akwati, ta haɗa, ta daɗe tana kallo.

"Ya dace," in ji ta. "Ɗauko min ƙoran, Malam, hadari ya haɗo."