Ruwan da Ya Zo Bayan Tafiyar Shamuwa

Duk wanda ya girma a Tudun Wada ya san Malam Muntaka magini. Soraye da katangun ƙasa da suka rage a unguwar, waɗanda bulo bai kora ba tukuna, da wuya ka sami wanda hannunsa bai taɓa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai sai ka ce shi ya fara kawo shi Zariya. Sana'ar gado ce, kuma tare da ita ya gaji ƙa'idar mahaifinsa: ba a buga tubali sai shamuwa ta bar gari, raɓa kuma ta fara sauka da safe. Daga nan damina ta naɗe tabarmarta, sai ka shanya tubalinka a fili ka tafi harkarka.

Abokin musunsa Nnabuike ne, mai shagon kwanon rufi da siminti da tampol a bakin titi. Haifaffen Zariya ne, in yana Hausa sai ka rantse daga cikin birni ya fito. Bayan la'asar Malam Muntaka kan zauna a bencin shagon, su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"Malam, yanayi ya sauya," in ji Nnabuike. "Ba rediyo kaɗai ke faɗa ba. Dubi yadda iska ke yaye rufin mutane yanzu, dubi zafin bazarar bana."

"Kai dai kasuwar kwano kake nema, Nna. Ruwa na Allah ne. Farin da muka sha muna yara, hayaƙin wace mota ne ya kawo shi?"

"Ai ban ce ba na Allah ba ne. Cewa na yi mu ma mun sa hannu."

Haka za su yi ta yi har a kira magariba, babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. A gida ma matarsa Rakiya ta taɓa ce masa kuɓewar da take shanyawa da kaka ta fara yi mata fumfuna, abin da ba ta saba gani ba. Ya ce wannan kuma sakacin mai shanya ne. Ta yi masa kallon da matan da suka daɗe da aure suka iya, ta ci gaba da tankaɗe.

A bara ne ruwan marka ya kayar da bangon ɗakin baya, ga kuma 'yarsu Bahijja za ta dawo gida goyon ciki, haihuwarta ta fari. Babu wani ɗakin da za a sauke ta, kuma magini ya rasa inda zai kwantar da 'yarsa abin kunya ne da Malam Muntaka ba zai iya ɗauka ba. Da shamuwa ta tafi, ya jiƙa ƙasa, ya cuɗa ta da ciyawa, ya yi ta mulmula tubali har bayansa ya riƙe. Ya jera su a filin bayan gida. Nnabuike ya ce ya ɗauki tampol ya ajiye kusa, ko don tsaro. Malam Muntaka ya yi dariya, ya ce tsohonsa bai taɓa rufe tubali ba, shi ma ba zai fara ba.

Yana Tudun Jukun wajen wani yaɓe, bayan azahar, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ya sauko daga tsani ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Masu acaɓa duk sun fake, don haka da ƙafa ya taho. Ɗanyen tubali ba ya jure ruwa, kuma babu sauran lokacin sake wani kafin Bahijja ta zo.

Da ya karyo kwanar gidansa sai ya tsaya cak. Nnabuike ya rufe shago, ya kwaso sababbin tampol da fallayen kwano, shi da Rakiya da maƙwabta suna ta lulluɓe tubalin suna danne gefe da duwatsu. Layin farko ya riga ya narke ya koma taɓo, amma mafi yawa sun tsira. Nnabuike ya jiƙe sharkaf, takalminsa ɗaya ya maƙale a caɓi, amma bakin nan bai mutu ba.

"Malam, ka aika a gaya wa shamuwa ta yi saurin tafiya!"

Malam Muntaka ya kutsa cikinsu. Ya kama ɗaya gefen tampol ɗin ya ja, idanunsa sun cika, ya gode wa Allah da ruwan ke rufa masa asiri.

An gama ɗakin a kan lokaci. Bahijja ta zo, ta sauka lafiya, aka sami ɗiya mace. Musun kuwa yana nan, sai dai yanzu Malam Muntaka cewa yake yi, "To, wani abu dai ya taɓu," ya ƙi ƙarasawa.

Ranar suna Nnabuike ya zo barka, ya zauna a zaure tare da sauran baƙi maza, inda ya saba tsayawa duk tsawon zamansu. Malam Muntaka ya aika ciki mata su kintsa, sannan ya kama hannunsa ya miƙar da shi. Nnabuike ya turje a bakin ƙofar tsakar gida, don ya san baƙon namiji ba ya wuce nan.

"Malam, cikin gida fa?"

"Shigo ka ga jikarka, Nna," in ji Malam Muntaka. "Ba don kai ba, da ban san inda za ta kwanta ba."