Ƙafar Maigidana da Mutuwar Wani Bature

Ko zan manta komai na zamanmu a Makka, ban da shekarar da ƙafar maigidana ta kusa ruɓewa. Dako yake yi a Mina, ƙarfen tanti ya yanke shi lokacin aikin hajji. Watanni suka wuce, ciwon sai ci yake. Ba mu da takardar zama, don haka ko sunan asibiti ba ma son ji.

Wata la'asar kawuna, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, yana sauraron rediyon Landan a ɗakinmu na unguwar Zahir, sai aka ce wani tsohon firayim ministan Ingila ya mutu. Kawu ya ce, "Ɗan siririn nan mai sanƙo ya tafi."

Na ce, "Kawu, ina ruwanmu da shi?"

Ya ce, "Ban ce ina son Turawa ba, 'yar nan. Amma wannan bai iya surutu ba, har dariya ake masa, kuma shi ya kayar da gwarzon yaƙinsu a zaɓe. Ya tarar da ƙasa a rushe, likitoci suka yi masa ca, ya kafe sai talaka ya ga likita kyauta. Kuma aka yi."

Maganar ta zauna mini, don ni ma a lokacin ba ni da baki. Washegari na tafi unguwar Shisha wurin wani likita jikan Kanawa, haifaffen Makka, na roƙe shi ya zo ya duba maigidana a gida. Cikin Hausarsa mai gargada ya ce, "Ya Hajiya, mamnu'u ne. Kai shi mustashfa." Wato doka ta hana, in kai shi asibiti.

Sai na zauna a bakin ƙofarsa. Kullum da safe in dawo, in gaishe shi, in zauna. Maƙwabta suka ce zan jawo mana kamu, ni kaina nakan waiga duk sanda mota ta tsaya. Ban fasa ba.

Ran nan ya fito da jakarsa, bai ko kalle ni ba ya ce, "Yalla, ina gidan?"

Ya tsaga ciwon ya wanke. Maigidana ya tashi da ɗingishi, amma da ƙafarsa. Daga baya likitan da kansa yake leƙo marasa lafiyar layinmu ranar Juma'a.

Tun daga nan na daina raina kaina don ban iya magana ba. Na gane cewa in kana da gaskiya, kuma ka ƙi tashi, ko ba ka ce uffan ba za a ji ka.