Ciyawar da Muka Shuka a Fako

Haƙorana na sama a fakon arewacin Dakoro na baro su. In yara suka tambaye ni nakan ce musu tsufa ne, amma ƙotar manjagara ce ta zubar da su, kuma wanda ya riƙe ta ɗan maƙwabcinmu ne, yaron da na taɓa goyawa a bayana.

Tun ina yarinya na san fakon nan tsirara. Jar ƙasa ce mai tauri kamar gindin tukunya. In an yi ruwan sama ba ya shiga cikinta, sai ya gudu a kanta ya zubo unguwarmu ya ci gindin katangu. Wata shekara mutanen wani furoje na raya karkara suka zo suka koya mana gina rabin wata, wato rami mai lanƙwasa wanda bakinsa ke fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don ya tare shi ƙasa ta sha. Suka bar mana diga da felu suka tafi. Maza suka ɗan taɓa suka watse, aiki ya rage a hannun mata. Mun sari ƙasar nan har tafin hannuna ya fashe, jini na bin ƙotar diga, in na koma gida ko muciya ba na iya riƙewa. Akwai wadda diga ta dawo ta tsaga mata babban yatsan ƙafa, ta ɗaure shi da tsumma ta ci gaba da sara. A cikin ramukan muka zuba taki, muka watsa irin kyasuwa da gamba, muka dasa ɗakwara da bagaruwa waɗanda muka raina a cikin leda a bayan gidan shugabarmu, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli.

Da damina ta zagayo kore ya fito. Bayan wasu daminu ciyawa ta kai mana ƙugu. Komitin unguwa ya kafa doka: ba dabba, ba manjagara, ba gatari, sai itatuwa sun fi ƙarfin bakin akuya. Aka ce a nemo mai gadi, aka ɗauki yayana.

Yayana tsohon ɗan kokawa ne. Ya manyanta a lokacin, amma wuyansa na nan kamar turmi, kuma tun da matarsa ta rasu zuciyarsa ta ƙara kusa. Ya karɓi gadin da gora a hannu. Akuya in ta shiga ba ya kora ta, jifa yake yi, kuma ba ya kuskure. Awaki da yawa sun koma gida da ƙafa tana lilo. Wata rana ya iske wani mai itace yana saran ɗakwara, ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya taka masa wuya, sannan ya jawo shi da kwalar riga har ƙofar mai unguwa, bakin mutumin na zubar da jini.

Na same shi da yamma na ce, “Yaya, gadi fa anka ba ka, ba yaƙi ba.”

Ya kama hannuna ya juya tafin sama, ya nuna mini tabon diga. Ya ce, “Ke ƙanwata, wanga mine ne? In ban tsaya ba, sati guda ba a yi sai an maida ku inda kunka fito.”

Na san akwai gaskiya a ciki.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Daga Korahane har Bader Goula daji ya zama kamar an share shi. Makiyaya suka gangaro tun kafin lokaci, mushe a kowane gefen hanya, shanu na cin leda da kwali a bakin kasuwa. Masu sharet, wato keken shanu, suka bi daji da manjagara suka kwashe duk wani tsinke. Da bazara ta kama, wuri ɗaya ne ya rage da busasshiyar ciyawa a tsaye, fakonmu, kuma daga kan hanya kowa na hango shi.

Maƙwabcinmu mai sharet ne. Danga ɗaya ta raba gidajenmu, matarsa ƙawata ce, ta saman dangar muke miƙa wa juna gishiri da garwashi. Shanunsa biyu su ke ci da gidan, da su yake jigilar ruwa da bulo. Na ga ranar da ɗaya ya kwanta ya kasa tashi, sai da aka zura masa itace a ƙarƙashin ciki, wasu na jan wutsiya, sannan ya miƙe yana rawa. A ranar maƙwabcin ya zo gaban komiti ya durƙusa ya roƙi sharet ɗaya na ciyawa.

Shugabarmu ta ce, “Ɗana, in munka ba ka yau, gobe gari duka za shi zo. Wa za mu hana?”

Ni ma ina cikin waɗanda suka ce a'a. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya ce, “To Inna, ku ji da kyau. Ni ba ɓarawo ba ne. Gobe da hantsi zan shiga, kowa shi gani.”

Washegari muna can muna ba ƙananan itatuwa ruwa da bido, wato jarka, sai muka ji ƙarar ƙafafun sharet. Ba shi kaɗai ya zo ba. Babban ɗansa na zaune a gefensa, saurayi ne a lokacin, ga wasu masu sharet na wasu unguwanni a bayansa, sun ji labari sun biyo. Kowa da manjagara. Yayana ya fito daga inuwar bagaruwa ya tsaya a tsakiyar hanya, ya dogara gorarsa.

Ya ce, “Maƙwabci, juya.”

“Kauce mini. San nan in bai ci ba yau, ba shi kai gobe.”

“Na ce ka juya.”

Maƙwabci ya ɗaga bulala ya tsula wa shanun. Yayana ya yar da gora ya cafke igiyar hancin na dama ya murɗe, san ya yi wani irin kuka ya durƙusa. Ɗan ya diro ya shauɗa wa yayana bulala a fuska, fatar kuncinsa ta tsage nan take. Yayana bai ko shafa ba. Ya kama yaron ta ƙugu ya ɗaga shi kamar damin kara ya jefa cikin ramin rabin wata.

Daga nan ban iya jera abin da ya faru daidai ba. Sauran mazan suka ratsa ta gefe suka faɗa cikin ciyawa suna ja da manjagara, suna tattake itatuwan da muka gama shayarwa. Muka yi kansu. Shugabarmu da tsufanta ta ɗauki bido cike da ruwa ta maka wa wani a ƙeya, ya juyo ya hankaɗa ta ta faɗi da baya. Wata ta cika zani da tsakuwa tana jifa. Wata ta ciji wani a hannu, ya yi ta naushinta a ka ba ta saki ba. Ihu ya cika wurin, wasu na salati, wasu na zagin iyayen juna, mutanen da sallar asuba ta haɗa su sahu ɗaya a ranar.

Ni na hango ɗan maƙwabcin ya fito daga ramin, goshinsa na jini, ya ɗauki manjagara ya nufi bayan yayana. Na ruga na riƙe haƙoran manjagarar da hannu biyu. Na ce, “Kai, ni ce fa! Dube ni!” Ban sani ba ko ya gane ni. Ya fizge, ƙarfen ya yage mini yatsu, ya juya ƙotar ya soka mini a baki. Na ji wani abu ya ɓalle cikin kaina. Na zube a gwiwa, na tofar, na ga haƙora cikin jini a kan jar ƙasa.

Ina durƙushe na ga shanun maƙwabci sun firgita. Ba kowa a kan sharet ɗin, suka zabura da shi a guje cikin ramuka. Ƙafar sharet ta faɗa wani rami, ya kife, ya ja su. San da aka tayar jiya da itace ya faɗi a kan ƙafarsa ta gaba. Mun ji ƙarar karyewar duk da ihun da ake yi. Ƙashin ya huda fata ya fito fari.

Maƙwabci ya tsaya yana kallon san. Sai ya sunkuya ya zaro gatari daga ƙarƙashin sharet ɗin da ya kife. Yayana na can ya danne wani mutum yana dukansa, bai gani ba. Na buɗe baki in yi kira, jini ya shaƙe ni. Saran farko ya sauka a kafaɗarsa ta dama, na biyu ya zame ya same shi a bayan kunne. Yayana ya ɗago kamar zai tambayi wani abu, sannan ya kife.

Ba abin da ake ji sai nishin san. Waɗanda suka cika sharet suka sulale, wasu suka yar da manjagara suka tsaya. Na rarrafa na ɗora kan yayana a cinyata, jini na fita da ƙarfi, na toshe da hannu yana ɓullowa ta tsakanin yatsuna. Wani dattijon makiyayi da ke wucewa da ragowar garkensa ya zo da gudu, ya warware rawaninsa ya naɗe kan da kafaɗar ya ɗaure tam. Ya juya wajen maƙwabci, wanda har lokacin gatarin na hannunsa, ya ce, “Ajiye wannan. Ka yanka sanka tun bai zama mushe ba.” Ya miƙa masa wuƙa. Maƙwabci ya karɓa, ya durƙusa ya yanka san yana kuka kamar ƙaramin yaro. A nan jandarmomi suka iske shi, bai gudu ba.

A sharet ɗin ɗaya daga cikin waɗanda suka zo kwasar ciyawa aka ɗauki yayana zuwa gidan likita. Suka tsaida jinin suka ce a wuce da shi Maraɗi. Na bi shi da bakina a kumbure, ba na iya shan ko kunu sai da kara. Ya daɗe bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo hannunsa na dama ya mutu, maganarsa kuma ta zama ja, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito.

Da muka dawo Dakoro na je fakon. An share shi tas. Tun ranar faɗan ba wanda ya sake tsayawa gadi, gari duka ya shiga, har da gidajen wasu ƴan komitin. Rabin itatuwan an karya su. Maƙwabci na kaso, ɗansa ya gudu arewa ba a san inda ya nufa ba, matarsa kuma ta sa an ƙara wa dangarmu tsawo.

An yi taro a ƙofar mai unguwa, an kusa sake dambacewa. Wasu suka ce laifin mata ne da suka fifita ciyawa a kan maƙwabci, wasu suka ce laifin yayana ne. Shugabarmu, da hannunta a saƙale a wuya, ta ce ita ba ta zo rabon laifi ba, ta zo ta ji yadda za a yi baɗi. A ƙarshe aka yarda cewa duk kaka, in iri ya zuba, a yanke wani sashe na ciyawar a tara a rumbu, in bazara ta yi tsanani a raba wa masu dabbobi gida gida. Gadi kuma ya koma karɓa-karɓa, mutum biyu, ba gora ba gatari. Da ruwa ya sauka muka koma da diga muka gyara bakunan ramuka. Irin da ya zube a ciki manjagara ba ta kwashe shi ba, ciyawa ta sake fitowa.

Maƙwabci ya fito daga kaso ya rame, gashinsa ya yi fari. Wata la'asar ya yi sallama a gidanmu. Yayana na zaune a tabarma ina ba shi fura, don a wurina ya koma da zama. Maƙwabci ya cire takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa a gabansa ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ga ni. Ka yi mini abin da ka ga dama.”

Yayana ya dube shi. Sai ya nuna mini taɓarya da ke jingine a bango. Na ce, “Yaya, don Allah.” Ya sake nunawa. Maƙwabci da kansa ya miƙa hannu ya ɗauko ta ya ba shi, ya sake sunkuyawa. Yayana ya ɗaga ta da hannun hagu, ya sauke masa a gadon baya da iya ƙarfin da ya rage masa. Maƙwabci ya yi nishi bai motsa ba. Yayana ya ɗaga ta karo na biyu, ta kuɓuce masa ta faɗi ta kifar da ƙwaryar furar. Ya zauna yana haki, miyau na zuba ta gefen bakinsa. Da ƙyar ya haɗa maganar ya ce, “Tashi. Tahi gida.”

Bayan girbin shekarar maƙwabci ya sayar da gidan ya kwashe iyalinsa suka koma wajen danginsa a Ɗan Gulbi. Ranar da za su tafi matarsa ta tsaya a ƙofarmu da kaya a ka, ta ce, “Mun tahi.” Na ce, “Allah shi kiyaye hanya.” Na raka ta har bakin kwalta, sannan na juyo gida.