Guraben da Na Bari a Kayen Besbol

A wata Asabar ta farkon Afrilu, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ina zaune bisa wani benci mai sanyi a bakin filin ƙwallon unguwarmu a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, kaye, wato littafin rubutu, a cinyata, alƙalamin bik a hannuna, sai yayana ya kai wa ƙwallo sanda sau uku bai taɓa ta ba ko sau ɗaya. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya ce ya fita. Yaya ya juyo yana jan sandar a ƙasa, ya wuce ta gabana. Aikina a ranar shi ne in sa alama a gurbin da ke gaban sunansa, alamar da ke nuna ya shiga ya fito hannu banza. Na ɗora bakin bik ɗin a takarda, na riƙe shi a can har wanda ke bi masa ya shiga fili. Daga nan na ɗaga hannuna, na bar gurbin yadda na same shi.

Besbol wasa ne da ba kowa ya san shi ba a Faransa, balle a cikin 'yan garinmu. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buge ta da sanda ya ruga, yana bin matsayai huɗu har ya dawo inda ya taso. Babanmu, wanda ya zo Lyon daga Damagaram karatun lissafi ya zauna yana aiki, bai taɓa kiran wasan da sunansa ba, "wasan sanda" kawai yake cewa. Ƙungiyar kuwa wani malamin motsa jiki na lakwal, wato makarantar su Yaya, shi ne ya haɗa ta, Mushe Daniel ("mushe" kamar "malam" ne a bakin Faransawa), dogo mai furfura wanda ya taɓa zama a Kanada ya dawo da son wasan kamar ciwo. Filin na 'yan ƙwallon ƙafa ne, aro muke yi bayan sun tashi. Matsayan ma yankakken tsohon kafet ne da ake ɗaukowa daga bayan motar Mushe Daniel. Can ƙarshen filin akwai shingen waya, bayan shingen kuma lambunan tsofaffin unguwa ne, inda suke shuka tumatir da albasa. Duk wanda ya buga ƙwallo ta ƙetare shingen nan ya yi babban bugu, zai zagaye matsayan a tsanake ana tafa masa, sannan a tura wani ya je ya ba mai lambu haƙuri.

Ni ba don son wasan na fara zuwa ba. Inna tana aiki ranar Asabar, ba ta yarda a bar ni ni kaɗai a hawa na takwas ba, don haka in na gama wanke-wanke na share falo, sai in bi Yaya a baya ina riƙe da gorar ruwansa. Da Mushe Daniel ya ji cewa ni ce ta ɗaya a lissafi a ajinmu, ya miƙo mini kaye mai shuɗin bango, ya koya mini alamomin a cikin minti goma. Ya kuma gaya mini abin da yake nema, maganar da har yau nake ji da muryarsa: "Masu ƙarfi suna da yawa, masu dacewa suna da yawa. Nemo mini wanda ya haɗa biyun." Ban daɗe ba na gane nufinsa. Akwai Karim, siriri mai wayo, wanda kusan kullum sai ya taɓa ƙwallo ya isa matsaya ta farko, amma bugunsa ba ya wuce bayan mai jifa da nisa. Akwai Yann, ƙato mai jan kumatu, wanda in ya same ta sai lambu, amma kafin ya same ta sau ɗaya ya sari iska sau goma. Yaya, mai shekara goma sha biyar a lokacin, yana tsakaninsu. Ina ware masa shafi na musamman a bayan kayen, ina raba yawan bugunsa da yawan shigarsa kowace Lahadi, kamar aikin gida.

Sai dai a gidanmu Yaya ba mutum ba ne da ake faɗin gazawarsa. Shi ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa furta sunansa a gabana ba, "wancan" take cewa, ko "yayanku". In an zuba tuwon semul da miyar kuɓewar da kakarmu ke aiko mana busasshiya, nasa ake fara ɗiba bayan na Baba. In na kawo masa ruwa sai na ɗan rusuna. Ranar da ya fasa tagar maƙwabta, Inna cewa ta yi "taga ta fashe", kamar tagar ce ta ga dama. A cikin wannan gida na tashi, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga inda kunya ke tsayawa. In Yaya ya buga ƙwallo wani ya cafe ta, ina rubutawa ba tare da damuwa ba, don wannan rashin sa'a ne. Amma ya tsaya gaban jama'a ya sari iska sau uku, ni ƙanwarsa kuma in sa hannu in tabbatar da hakan da tawada, wannan hannuna ya ƙi yi. Ban taɓa ƙara masa bugun da bai yi ba. A ganina na lokacin, wanda bai rubuta komai ba bai yi ƙarya ba.

Haka muka tafi daga Afrilu har ƙarshen Yuni, wasa biyu kowace Asabar. Shafin Yaya ya yi kyau har ya wuce kima. Ya ƙetare shinge sau biyar, wannan kowa ya gani da idonsa, kayen kuma ya ce kusan rabin shigarsa yana bugawa ya tsira. Mushe Daniel yakan duba ya yi fito, ya ce bai lura yaron ya kai haka ba. Ana nan sai aka ba shi damar tura yaro ɗaya tak daga ƙungiyar zuwa wani sansanin gwaji na mako guda kusa da Paris a hutun bazara, inda ake zaɓar waɗanda za su haɗa karatu da wasa. Ana son ya aika da lambobin yaron tare da sa hannun uba. Da Mushe Daniel ya ce Yaya zai tura, Yaya bai yi barcin kirki ba a makon nan. Ya goge takalminsa har sau biyu, ya tambayi wani ɗan Maraɗi da ke aiki a kasuwar Rungis ta kusa da Paris ko zai tarbe shi a tasha.

Mushe Daniel ya zo gidanmu wata Laraba da la'asar, ya hawo bene da ƙafa saboda na'urar hawa ta lalace kamar yadda ta saba. Inna ta kawo masa shayi. Baba ya karɓi takardar, kafin ya sa hannu kuma ya ce a nuna masa kayen, ba don yana zargin komai ba, halinsa ne kawai, ko takardar wuta aka kawo sai ya sake tara ta. Ya tambayi yadda ake shiga fili, aka ce bi da bi ne, Yaya na uku, Yann na huɗu. Ya juya shafi, ya dawo, ya sake juyawa. Sannan ya cire tabarau ya ce, cikin Faransanci don baƙon ya ji: "Na huɗu ya shiga sau sittin, na uku sau arba'in da ɗaya. Ta yaya na baya zai fi na gaba shiga? Aƙalla goma sha tara sun ɓace." Ya juyo gare ni da Hausa. "Zalika, ina suka tafi?" Na ce, "Baba, ba na iya rubuta Yaya ya faɗi." Inna ta tashi ta koma madafa.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi bik ɗina, ya zuba sha tara ɗin duka a wata takarda daban a matsayin faɗuwa, ya sake rabawa a gaban kowa. Bugu ashirin cikin sittin, wato ɗaya cikin uku, ga ƙetare shinge sau biyar. Karim ya ɗan fi shi dacewa amma bai taɓa ganin lambu ba, Yann kuwa ko kusa. Ashe lambar gaskiya ta isa ta kai Yaya Paris, babu wanda ya haɗa biyun a ƙungiyar sai shi. Amma Mushe Daniel ya ce ba zai iya sa sunansa a ƙarƙashin lambobin da aka gyara a falo ba, tunda kayen da ya ɓoye sha tara ba a san me kuma ya ɓoye ba. Baba ya ce Mushe Daniel yana da gaskiya. Na ji haushin Baba a ranar fiye da na kowa, don da ya yi shiru da magana ta wuce. Karim aka tura, saboda shafinsa babu gurbi ko ɗaya. Yaya ya ƙarasa wasannin shekarar, da aka koma lakwal kuma bai sake ɗaukar sanda ba. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ya ci gaba da karɓar ruwa a hannuna kamar da.

Yanzu a Paris nake, aikina ma na lambobi ne, kamar na Baba. Har yau ina bin wasan a waya, ina da jerin masu bugu na ƙasashen waje da nake dubawa a cikin jirgin ƙasa da safe, waɗanda suka haɗa ƙarfi da dacewa, kuma ba su da yawa. Yau na'ura ce ke ƙirga komai, har saurin ƙwallo da inda ta faɗa, ba ta da yaya balle ta ji nauyinsa. Yaya yana Rungis, yana kula da motocin kayan marmari, yana da 'ya'ya uku. Bara, ranar sunan autarsa, muna tsaye a madafa ina tsame masa nama a faranti, sai ya ce da ni ba tare da wani dalili ba, "Wai gurbi nawa Baba ya ce a lokacin nan?" Na ce aƙalla sha tara. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ashirin da ɗaya ne. Ina ganinki kina ɗaga bik ɗin, Zalika. Ko sau ɗaya ban ce ki rubuta ba." Ya ɗauki faranti ya fita wurin baƙi.

Filin nan an mayar da shi wurin ajiye motoci, lambunan ma babu su. Kayen yana nan a akwatina, wani lokaci nakan buɗe shi in ga guraben farare fes a jere gaban sunansa. Shekara ashirin ina ɗauka ni kaɗai na bar su, ashe mu biyu ne.